Allurar Wuya Ba Hoto

Tana shiga ɗakin likitan ta duba kusurwa ta duba bango. Gado ne, da tire na allurai, da fanka mai ƙara. Babu na'urar hoto.

Ɗanta tela ne. Sunkuyo kan keke ya cinye masa wuya, ciwon ya gangaro har yatsu, almakashi ma faɗuwa yake daga hannunsa. Ya riga ya tuɓe riga ya kifa ciki.

"Likita, ina abin da za ka ga allurar da shi?"

"Ta lalace, Mama. Hannuna ya san hanya, kada ki damu."

Maganar da aka faɗa wa uban yaron ke nan. Shi ma da babban yatsa aka laluba ƙashin wuyansa aka soka. Da ƙafarsa ya shiga, a gadon turawa ya fito, kuma har ya koma ga Allah ita ke ɓalla masa maɓallin riga.

Ta fizge rigar ɗan daga kan kujera ta wurga masa.

"Tashi!"

"Haba Umma! A babban asibiti layin wata guda ne. Ni ke jin ciwon nan, ba ke ba."

"Ni na ɗauki ubanka na kai shi bayi, kai kana shago. Tashi, don ƙaniyarka!"

"Mama, kina ɓata mana lokaci," in ji likita.

"Hannunka ido gare shi? Laka ce a wurin nan, ba buhun hatsi ba!" Ta haye bakin gadon ta ɗora tafinta a ƙeyar ɗan. "To soka. Ta nan za ka bi."

Likita ya cire safar hannu.

Watan nan tela bai yi mata magana ba sai gaisuwa. Tana jin nishinsa ta bango, ta cije.

Ranar da layi ya zo kansu a babban asibitin, aka bar ta ta leƙa ta gilashi. Ga ƙasusuwan wuyansa a allo, ga allura siririya tana shiga kaɗan, a tsaya, a duba ta gefe, a ƙara. Aka tura ruwan da ke nuna hanya, ya bazu inda ake so, sannan magani.

Ashe ɗan abin nan ne kawai. Shi aka hana mijinta. Don takaici ko hamdala ta kasa.

Ɗan ya fito yana ɓalla maɓallinsa da kansa. Ta miƙa hannu don sabo, sai ta janye.