Tasalla da Farin Dodo

Zazzaɓin ya fara ne da azahar, daga gwiwa, ya hau a hankali. Tasalla ta jingine taɓarya, ta zauna a gindin bangon siminti da aka shafa wa jan fenti don ya yi kama da ginin ƙasa. Shekararta uku ke nan tana aiki a Duniyar Murna, filin wasannin da wani kamfani na ƙetaren teku ya gina a bayan gari. Aikinta shi ne ta ɗaura zanen saƙi, ta tsaya a sashen da ake kira Ƙauyen Da, tana dukan turmin da babu komai a ciki, tana rera waƙar dakan da ta gada wurin mahaifiyarta, baƙi suna ɗaukar hoto.

Amma baƙin sun yi ƙaranci. Da safe manaja Nafi'u ya durƙusa ya gaya mata cewa kamfani zai rage ma'aikata. Suna so su naɗi muryarta su zuba a cikin 'yar tsana mai motsi, su kai irinta sauran filayensu na ƙasashen waje. Ya ce zai dawo da la'asar ya ji amsa.

Idonta ya yi nauyi. Kiɗan lasifika ya yi ta nisa kamar wanda ruwa ya ci.

Sai turmin ya yi tari.

"Shekara uku kina dukan cikina," in ji shi, "ko ƙwayar gero ba ki taɓa ba ni ba."

Kafin ta ba shi haƙuri bakinsa ya buɗe ya zama rijiya, ta zurma. Ba ta faɗi ba, sauka ta yi ta yi kamar auduga, har ƙafarta ta taɓa rairayi mai sanyi. A gabanta ga farar dabbar nan ta kamfani, wadda hotonta ke kan kowace riga da kowane kofi. An ce a ƙasarsu yara rungumar ta suke yi. A nan kuwa ihu suke yi su ɓuya bayan iyayensu, har sunan Farin Dodo ya bi ta. Yanzu ba riga ba ce da mutum a ciki. Numfashi take, ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Taho, baiwar Allah," in ji Dodo. "Ba ni da lokaci, narkewa nake yi."

"Ina ne garinku?"

"A takarda aka zana ni, a akwati aka turo ni. Ba wanda ya tambaye ni ko ina jure rana."

Ta bi sawunsa, kowane taku kududdufi. Suka iso ƙofar shiga, sai ta ga ta tsuke ta zama kamar kafar allura. Jama'a sun yi layi iya ganin ido, kowane gida da zugarsa: kakanni da surukai da 'ya'yan riƙo, da kulolin shinkafa da tabarmi a naɗe. Wani magidanci yana riƙe da hannun tsohuwarsa yana roƙo.

"Huɗu aka auna ni," in ji ƙofar. "Miji, mata, 'ya'ya biyu. Abinci kuma a bar shi waje."

"To uwata fa?"

"Ba ta cikin awo."

Mutumin ya juya, zugarsa ta juya, layin duka ya juya kamar garken da ya tarar da rijiya a ƙafe. Ƙofar ta fashe da kuka, tsatsa na zubo mata. "Kullum haka," ta ce. "Ni kuma don a shige ni aka yi ni."

Dodo ya ɗora Tasalla a kan babban lilon nan mai juyawa sama. Kujerunsa duk wayam. Suka yi ta hawa har gari ya koma kamar faifai, har ta hango teku, da bayan teku, da bayan bayansa. Ko'ina ga Duniyar Murna, iri ɗaya sak, kamar ƙosai daga kasko guda. A kowace akwai ƙauyen fenti, a kowane ƙauye akwai tsohuwa. Wata na saƙa ba zare, wata na tuƙa tukunya ba wuta, wata na tatsar saniyar katako. Suka ɗago suka dube ta, ta dube su. Ba mai jin yaren wata, amma sun gaisa.

Lilon ya sauke su a wani ɗaki mai tsawo. Wata mata mai idanu kalar toka tana tsaye tana goge taswirar duniya da dutsen guga. Duk inda ta danna ya kwanta, da ta ɗaga sai ya sake tattarewa. Hannunta duk ƙuna.

"Murna muka kawo muku," ta ce, ba ta ɗago ba. "Mun haƙa tafki, mun kunna fitilu. Me ya sa ba ku zo ba?"

"Kun yi sallama?" in ji Tasalla.

"Mun aiko takarda."

"Wa ya amsa?"

Matar ta tsaya. Hayaƙi ya fara tashi daga ƙarƙashin dutsen gugar, daidai kan garinsu. Tasalla ta ga ashe ita ma a gajiye take, ita ma akwai wanda ke jiran amsarta a wani ɗakin da ya fi wannan tsawo.

Da suka fito Dodo ya ragu ya koma kamar ɗan akuya. Ya nuna mata wani zaure da hanci. "Nan ban da iko in shiga. Na masu uwa ne." Ya kwanta a bakin ƙofa, rairayi ya shanye shi.

Cikin zauren 'yan tsana ne jere, ɗari ko fi, duk da fuskarta, har da tsagen kumatunta. Bakunansu a buɗe, suna jira. A can ƙurya kuwa, inda hasken hantsi ke zubowa ta rufin da babu, ga Inna Yalwa, mahaifiyarta, shekara talatin da rasuwa, tana surfe. Ƙamshin jiƙaƙƙen gero ya cika wurin.

Tasalla ta zube. "Inna, muryata suke so. In ba su?"

Inna ba ta daina daka ba. "Wa kika koya wa?"

Tasalla ba ta koya wa kowa ba. 'Ya'yanta mata uku inji suke kai niƙa. In ta fara waƙar a gida dariya suke yi, su ce Iya ta taho da aiki gida.

"In kin ba su, za ta rayu a gidan da ba a ɗora tukunya," in ji Inna. "In kin hana, ku kwanta rami ɗaya. Rera in ji."

Ta rera:

"Gero yi haƙuri, taɓarya ba gaba ba ce,
Wanda ya sha duka shi ke ciyar da gari."

Sai ta tsaya. Akwai baiti na uku. Ta san akwai, tana jin gurbinsa kamar gurbin haƙori. A filin wasa baiti biyu ake so, don baƙi ba sa tsayawa, ita kuma ta yi ta maimaita biyun har na ukun ya fice ba sallama.

"Inna, na manta."

"Matso kusa."

Inna ta ajiye taɓarya, ta kama kunnenta kamar yadda take yi tana ƙarama, ta kawo bakinta. Tasalla ta ji ɗumin numfashinta, ta ji kalmar farko tana tahowa.

"Iya! Iya Tasalla!"

Ta buɗe ido firgigit. Inuwa ta miƙe, ana kiran la'asar daga nesa. Nafi'u ne durƙushe, da 'yar na'urar naɗar murya a hannu.

"Subhanallahi, Iya, jikinki kamar garwashi. A bar maganar nan sai kin warke."

"Kunna," ta ce.

Ya danna. Ta rera baiti na farko, ta rera na biyu. Sai ta yi shiru, ta karkata kai gefe guda kamar mai sauraro. Na'urar na ta naɗar iska.

"Ci gaba mana, Iya," ya ce a hankali.

Hawaye ya gangaro ta cikin tsagen kumatunta.

"Da ka ƙara mini minti ɗaya, ɗan nan," ta ce. "Yanzun nan za ta faɗa mini."