Ruwan Wankan Jalo

"Cika ƙwaryar mana, Jalo! Da ka sa mu haƙa, ai ba rabi-rabi muke ɗiba ba."

Uwaisu ne ya faɗa daga gindin tsamiya, mazan da ke zaune suka tuntsire da dariya. Tsoho Jalo ya ɗaga ƙwaryar. Ya juye ƙasar a ramin, ya koma wajen tsibin yana jan ƙafa. Gwamma, maƙwabciyarsa wadda zana ɗaya ya raba gidajensu, tana tsaye da koko a hannu, ta rasa ta inda za ta ratsa mazan.

To, bari ku ji mafari. Jalo manomi ne a wani ƙauye kusa da Dugabau, ba mata, ba ɗa. Yana saurayi ya yi wa wani Baturen awon hanya dako, ya ga Baturen yana tafe riƙe da gwafa hannu bibbiyu, in bakinta ya sunkuya sai ya ce akwai ruwa a ƙasa. Shi ke nan fa, abin ya shiga ransa. Babu saurar da bai taka da gwafar sabara ba a ƙasar Kabo. Ko suna ya je, sai ka tsince shi a bayan gidan mutane yana sanɗa kamar mai bin sawun ɓarawo.

A bazarar nan rijiyar gari ta ƙafe. Jalo ya rantse wa dagaci cewa gwafarsa ta ja a bakin hanya. Aka yi gayya kwana goma sha tara, aka nutsa zurfin gaba goma sha ɗaya, ko laima babu. Ana cikin jin haushi sai saniyar dagaci ta faɗa ramin ta karye. Dagaci ya ce wanda ya nuna wurin shi zai cike shi, shi kaɗai.

Da mazan suka tashi salla, Gwamma ta miƙa masa kokon.

"Gaba biyu suka rage, Gwamma," ya ce, yana haki. "Wallahi a tafin hannuna nake jin ruwan. Da hannuna nake binne shi."

"Sha kokonka, Baba Jalo. Bar ruwa ga mai shi."

A kwana na shida, da hantsi, Jalo ya jingina da tsibin ƙasar, ƙwarya a cinya. Uwaisu ya jefe shi da hoge.

"Tashi, ragon banza, rana na yi!"

Hogen ya fashe a kafaɗarsa. Bai motsa ba.

Aka kai gawarsa ɗakinsa, Liman ya tambayi ruwan wanka. Sai kowa ya shiga kallon ƙasa. A lokacin, ku sani, mata tun asuba suke tafiya rafi su tona yashi, ba sa dawowa sai azahar da tulu guda.

"In ba ruwa," in ji Liman, "shari'a ta yarda a yi masa taimama."

"Daidai ke nan," in ji Uwaisu. "Ƙasa ya samo mana, a shafa masa abarsa."

Wasu suka toshe baki da hannun riga. Gwamma tana ji ta zana. Shigowarta ke nan daga rafi, ko gammo ba ta sauke ba. Ta sunkuya ta rungumi tulun. Mijinta Nata'ala ya tare ƙofa.

"Ke, ina zuwa? Da me za a tuƙa tuwo? Jikokin nan me za su sha?"

"Malam, ranar da Ashirunmu ya rasu, wa ya yi masa wanka?"

Ta gyara riƙon tulun, ta ci gaba:

"Kowa gudu ya yi, ana cewa cutar agana ce. Baba Jalo ne ya shiga."

"To, gobe sai ki koma rafin da ƙafarki."

"Da, da ƙafar wa nake zuwa?"

Ya kauce. Ta ajiye tulun a ƙofar Jalo, ta ja mayafi ta rufe fuska. Uwaisu ne ya fito ɗauka. Ya leƙa ciki, ya kamfata da moɗa ya shanye, ruwan yana bin gemunsa.

"Ashe dai Jalo ya samo," ya ce, ya goge baki.

Gwamma ta koma gida ta zauna a kan turmi. Tana jin tsiyayar ruwan ta bayan zana, kaɗan-kaɗan, kamar ana awon mai. Ba a daɗe ba ta ji an ɗauki makara, sawun ƙafafu ƙalilan suka yi gabas. Wani ya turo tulun ta ƙofa ba sallama, ya mirgina ya tsaya a gefen murhu.

Ta ƙarƙashin zana ruwan wankan ya gangaro tsakar gidanta, ya jiƙa wuri bai fi faɗin faifai ba. Kaji suka taru a kai, suna ta cusa baki a ƙasa.