Ajiyar Udon

Hannuna na cikin bututu har kafaɗa lokacin da waya ta yi ƙara. Gidan tabarauna nake lalube, wanda dabbar gidanmu Udon ta ja ciki tun da safe. Na bar wayar ta yi ta kuka, don na ɗauka mijina Tokuji ne zai tambayi ko akwai sauran gam a gida. Da aka sake bugowa na zaro hannu na ɗauka.

Muryar wata yarinya ce daga shagon kayan gini. Ta ce, "Gidan Hamazaki ne? Ki yi haƙuri, maigidanki ya faɗi a sashen da muke sayar da bututu. An tafi da shi asibiti."

Kafin bas ta kai ni ya riga ya cika. Nas ta miƙo mini agogonsa da hularsa da wata gwiwar bututu sabuwa fil. Ta ce da ƙyar aka zare ta daga hannunsa. Na riƙe ta ina juyawa, ba abin da ya zo mini a rai sai cewa: wai ina kuma zai ƙara kai bututu a gidan nan?

Tokuji mai aikin famfo ne tun yana saurayi. Ba mu haihu ba. Da ya ajiye aiki sai ya shigo gida da wasu dabbobi biyu a kwali, irin waɗanda ake kira feretto, dogaye kamar tunku, masu wari da ƙiriniya. Farar ya sa mata Udon, sunan wata farar taliya, saboda kamar taliyar take, baƙin kuma Gobo. Ya ce a jeji cikin rami suke zama, bai kamata a kulle su a keji ba. Ya kawo bututu ɗaya ya ajiye a bakin bango. Daga nan gidanmu bai sake zama gidan mutane ba.

Bututu ya bi bayan talabijin, ya haye saman ƙofar kicin, ya huda bangon ɗakin kwana, ya sauka ƙarƙashin dakalin katako na zaure ya sake ɓullowa. A falo ya sa wani yanki mai gani kamar gilashi, daidai saman kai, don ya kwanta a tabarma yana kallon wucewarsu. Kowace gaɓa kuma sai ya shafa mata gam ya liƙe, kamar ruwa ne zai bi ciki. In ya gama ya ƙwanƙwasa da yatsa sau biyu, ya kara kunne.

Na ce, "Maigida, ka bar ƙofa mana a wasu wuraren, don a riƙa buɗewa."

Ya ce, "Yone, bututun da ake buɗewa yoyo yake yi."

"Yoyon me? Yoyon ɓera?"

"Ba ɓera ba ne."

Gobo malalaci ne, barci kawai. Udon ce ɓarauniya. Safa, cokali, soso, murfin kwalba, duk abin da bakinta ya iya ja sai ta kai shi wani lungu can ƙarƙashin dakali inda hannu ba ya kaiwa. In na yi faɗa sai Tokuji ya ce, "Ba sata take ba, ajiye miki take." Ranar da yayarsa Tatsue ta zo ta buga goshi a bututun kicin ta wuni tana zaginsa, bayan ta tafi ya leƙa bakin bututun ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni da zan iya shigewa nan, da na huta da Yaya."

A wurin ƙona gawa ni da Yaya Tatsue muka tsince ƙasusuwansa da dogayen tsinkaye kamar yadda al'ada take, daga ƙafa zuwa kai, muka zuba a babban tulu. Na ƙarshe shi ne ƙashin maƙogwaro, wanda yake kama da mutum a zaune ya haɗa hannuwa. Ma'aikacin wurin ya ɗaga shi ya ce ya fito da kyau, ba kowa ke samun haka ba. Aka sa shi daban a 'yar batta, aka sa battar a 'yar jakar alharini mai jan tuntu. Yaya ta ce ranar da za a kai tulu kabari, bayan sati bakwai, ita da kanta za ta hau jirgin ƙasa ta kai battar babban haikali a Kyoto, inda na iyayensu suke.

Ta ce, "A rayuwa bai zauna cikin mutanen kirki ba. Ko yanzu ya zauna."

Na ajiye tulu da batta a bagadin gida, kusa da hotonsa. Kullum da safe in zuba shinkafa da ɗan kofin shayi, in kunna turare. Dabbobin kuma suna ta zirga-zirga a saman kaina, kamar ba abin da ya faru. Sau da yawa na yi niyyar in bayar da su in sa a zo a kwashe bututun. Sai dai ban san wanda zan kira ba. Mai aikin famfon da na sani ɗaya ne.

Ranar kai tulu kabari ta zo. Na tashi na goge tabarmi, na jera matasai, na yanka yokan, alewar wake, don baƙi. Da na kawo shinkafa bagadi sai na ga tulu na nan, hoto na nan, wurin batta wayam. Na duba ƙasa, na duba bayan bagadi. Sai na ji wani abu a cikin bango yana ƙwal, ƙwal, ƙwal, yana tafiya.

Na durƙusa a bakin bututu na kira Udon. Na kaɗa mata ledar naman kaza. Na zura hannu har kafaɗa, na zura sandar tsintsiya. Gobo ne ya fito yana hamma, ya ci naman ya koma.

Ina cikin haka Yaya Tatsue ta shigo, cikin baƙaƙen kaya, da jakar tafiya a hannu. Ta sunkuyar da kai a ƙofar kicin, don ta koyi darasi.

"Yone, har yanzu wannan tarkacen na nan? Gidan ma warinsu yake. Me kike yi a ƙasa kamar mai neman allura?"

"Shara nake, Yaya."

Bayanta malamin haikali ne, dattijo mai sanƙo, ya san Tokuji don shi ke gyara masa famfo. Muka zauna, ya buga ƙararrawa ya fara karatu. Ni na zauna ta inda jikina zai kare wurin battar. Yaya ta rufe ido tana jan carbi.

Ana tsakiyar karatu ƙarar ta dawo. Ƙwal, ƙwal. Ta taso daga ɗakin kwana ta nufo falo. Malam ya ɗaga ido, bakinsa bai daina karatu ba. Yaya ma ta ɗaga. A cikin yankin nan mai gani, daidai saman kanmu, sai ga Udon tana tafe da baya da baya, ta ciji jan tuntu, tana jan Tokuji. Ta tsaya a tsakiya ta huta, ta dube mu, sannan ta ci gaba da ja har suka shige duhu ta wajen zaure.

Malam ya kai ƙarshen karatunsa, ya buga ƙararrawa, ya ce, "To. Marigayi ya wuce."

Yaya ta miƙe zumbur. "Ƙanena! Ƙanena a bakin ɓera, a cikin bututun masai!"

Na ce, "Sabo ne, Yaya. Bai taɓa ganin masai ba."

"Rufe mini baki! Ina akwatin kayan aikinsa?"

Ta san inda yake. Ta dawo da zarto ta danƙa mini a hannu. "Ke kika bari, ke za ki yanka. Jirgina ba zai jira ni ba."

Muka fita zaure. Malam ya biyo mu yana tattare rigarsa. Na durƙusa inda bututun ya nutse ƙarƙashin dakali. Don a kai ga lungun Udon sai an yanke shi a nan, a ɓalle katako, a sake yankewa a can, kuma ba mai iya mayar da shi yadda yake. Na ɗora zarto. Ga gam ɗin da ya tsiyayo a gaɓar ya bushe, da shatin babban yatsansa a ciki, inda ya share. Shekara da shekaru ina cewa ranar da ya yi tafiya zan sa zarto a wannan abin. Ga zarto, ga shi ya yi tafiya.

Ban san lokacin da na ajiye zarton na ƙwanƙwasa bututun sau biyu ba. Na kara kunne. Can ciki na ji motsi kaɗan, irin na dabba mai gyara kwanciya, sai shiru.

Yaya ta ce, "Me kike saurare? Sallama zai yi miki?"

Na ce, "Ba zan yanka ba."

"Ba za ki me ba?"

"Ga tulu can, Yaya, duk jikinsa na ciki, mu kai kabari. Wannan ɗan guntun a bar masa."

"A bar masa ko a bar wa ɓera? Iyayenmu na can suna jiransa! Malam, ka yi mata magana mana!"

Malam ya shafa sanƙonsa. Ya sunkuya ya duba gaɓar da kyau. Ya ce, "Uwargida Tatsue, ni abin da na sani, bututun da ya haɗa mana a haikali ko ɗigo bai taɓa yi ba. Wuri ne mai tsabta, babu laima. Ba kowane kabari ke da wannan ba."

"Kai ma?"

"In dabbar ta fito da shi, sai a kai Kyoto. Haikali ba ya gudu."

Yaya ta dube ni, ta dubi bututun. Idonta ya kawo ruwa, ta goge da sauri da bayan hannu. Ta ce, "Tun yana yaro haka yake. In Inna ta kira wanka sai ya shige ƙarƙashin gida, ni ake turawa in jawo shi ta ƙafa." Ta ɗauki jakarta. A hanyar fita ta manta, ta buga goshi a bututun kicin.

Muka kai tulu kabari da rana.

Tun daga lokacin Udon ta fito da abubuwa da dama. Ta dawo da cokali, da safarsa ƙafa ɗaya, har da gidan tabarauna, duk ya sha cizo. Battar ce ba ta fito da ita ba. Yaya kan bugo waya farkon wata, ko gaisuwa babu, ta ce, "Ya fito?" In ce, "Bai fito ba." Ta ce, "Ɗan banza," sannan ta tambayi ko ina cin abinci.

Hotonsa na nan a bagadi, ina kunna masa turare. Amma shinkafa da shayi a zaure nake ajiyewa yanzu, a bakin bututu. Udon ba ta cin shinkafa. Ɗan kofin shayin ne ta ja ciki wata safiya, ban kuwa nema ba, na sayo wani. In na ajiye sai in ƙwanƙwasa sau biyu, in kara kunne.