Ƙofar Baya ta Hagu

Ƙofar baya ta hagu a motar ta daina kulluwa. In direba ya danna rimot, sauran ƙofofin su yi ƙas, ita kuwa kamar ba da ita ake ba.

Da kaya kawai yake ɗauka da ba komai. To yaran makaranta yake kaiwa yana ɗaukowa, kuma da wannan aikin gidansa ke ci. Shugabar makaranta ta ja ƙofar da hannunta a bakin get, ƙofa ta buɗe.

"Malam direba, yaro ɗaya ya faɗo a titi, ni da kai mun shiga uku. Ka gyara kafin Litinin, ko in ba wani aikin."

Ya sauya batirin rimot, a banza. Ya ciro fis ya ɗaga shi a rana, lafiyarsa lau. Ya cire murfin ƙofar, ya sayo ɗan injin makulli na hannu a kasuwar kayan mota ya ɗaura. Shiru. Ya zagi injin, ya zagi wanda ya sayar masa.

Matarsa ta ce, "Ga ƙanena can yana gyaran wayar mota, kai kana nan kana faɗa da ƙarfe."

Bai so ba. Ya daɗe yana cewa yaron nan bakinsa ya fi hannunsa aiki. Amma Litinin ta matso, dole ya tafi.

Ƙanin matar na zaune a rumfarsa a kan tsohuwar kujerar mota. Ya ga murfin ƙofa kwance a kujerar baya, ya yi dariya.

"Yaya, tiyata ka yi mata ko fashi?"

"Ka duba, ban zo hira ba."

Ƙanin bai taɓa injin ba. Ya ɗora fitilar gwaji a kan wayar da ke kawo masa wuta, ya ce direba ya danna rimot. Fitila ba ta kama ba.

"Injinka lafiya yake. Har tsohon ma ka cire shi ba laifin komai. Wuta ce ba ta isowa."

Ya wangale ƙofar, ya durƙusa wajen wata baƙar roba mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi ke bi. Robar ta tsage. Ya zaro wani zare shuɗi daga ciki.

"Wannan fa?"

Direba ya sosa ƙeya. Ran Asabar yakan ɗauki katifu a saman mota, kuma ta nan yake zura shuɗiyar igiyarsa ya ja da ƙarfinsa, don nan ta fi kamawa.

"Ka yanke mata jijiya, Yaya, kana kuma zagin ta da rashin ji."

Ya feƙe bakin wayar, ya ƙara guntuwa, ya liƙe da dalma, ya naɗe da tef. Direba ya danna rimot. Ƙas. Ya sake dannawa, ƙas. Ya ja ƙofar har motar ta girgiza, ba ta buɗe ba.

Ya sa hannu a aljihu. Ƙanin matar ya girgiza kai.

"Mayar. 'Yata ta shiga makarantar nan, kullum a kan babur nake kai ta, in rufe rumfa. Ka ba ta wuri."

"Baya a cike yake."

"Gaba fa?"

Gaban nan ba ya ba kowa. Nan yake ajiye flas ɗinsa da rediyo, nan yake samun sararin kansa. Ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Ta fito da wuri. Ba na jiran kowa."

Ran Litinin shugaba ta ja ƙofar, ta gyaɗa kai, ta koma ciki. Yarinyar kuwa bakin ubanta ta ɗauko kaf. Daga ƙofar gida har get, Kawu me ya sa kaza, Kawu wane ne wancan. Aiki ya tsira, amma kujerar gaba ta tafi, rediyo ma tun ranar bai ƙara jin labarai da safe ba.