Ƙundun Dinya

Kwana uku ya rage Ƙaramar Sallah, ni kuma ina ta zagaya Guangzhou ina neman talo-talo kamar wanda ya ɓatar da ɗa. Duk mai kajin da na nuna wa hoto a waya sai ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu. Akwai na firiza a manyan kantuna, amma wa ya yanka? Hajiyarmu ko kallonsa ba za ta yi ba.

A gidanmu na Kano, tun ina yawo ba wando, Baba ne ke gasa talo-talo ranar Sallah da hannunsa. Ya rasu wata goma da suka wuce. Na kawo Hajiya nan a duba mata gwiwa, na kuma so ta ga matata Madina, Musulma 'yar China da na aura ba da son ran Hajiya ba. Wata guda cur tana gidana, ba ta taɓa sa abincin Madina a baki ba. Da garin kununta ta zo, da kilishinta, da yajinta. Ko sunan yarinyar ba ta kama ba, sai dai "ita wannan". Madina ba ta jin Hausa sosai, amma wannan kam ta gane. Ranar nan na same ta a kicin tana share hawaye, ta ce albasa ce. Wallahi babu albasa a gidan.

Hajiya za ta koma kwana biyu bayan Sallah. In ta tafi ba ta ci ba, shi ke nan.

Madina ce ta kawo shawara.

"Mu gasa dinya," in ji ta, tana nufin babbar agwagwar nan mai dogon wuya da mutanen garin nan ke ji da ita. "Kai za ka yanka, ni zan gasa."

"Agwagwa? Ke kin san Hajiya kuwa? Cewa take tsuntsuwar kwata ce."

"To, kawo naka talo-talon."

Dole na yarda. Abokina Tankari, mutumin Maraɗi da muke ofis ɗaya na aika kaya a unguwar Xiaobei, shi ya kai ni wata gona a bayan gari. Na zaɓi dinya mai ƙiba, ta kuwa sare ni a hannu, ja'ira. Na fuskanci alƙibla na yi bisimilla na yanka, Tankari yana ɗaukar bidiyo domin shaida.

A daren jajibere Madina tana gyara ta, sai na ga za ta haɗa ƙundun da kayan ciki. Na ce, "Kai, a'a! Ware wannan. A wurinmu ƙundu ba na kowa ba ne, na babban gida ne." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ƙara da cewa maigida nake nufi ba, don a tunanina wa bai san wannan ba?

Na dawo daga Idi na tarar gidan ya cika da ƙamshi. Fatar dinyar ta yi jawur tana sheƙi. Madina ta roƙi yajin Hajiya ta bakina, ta barbaɗa a gefe. Muka shimfiɗa leda a falo, Tankari ya zo da matarsa Zeinabou. Hajiya ta fito tana dogara sanda, ta zauna, na nuna mata bidiyon yankan.

"Na gani," ta ce. "Ai ba ka manta yanka ba. Ku ci, ni na ƙoshi."

Ban ankara ba sai ga Madina ta fito daga kicin da ɗan faranti, ƙundun ne a kai, an gasa shi daban. Na gyara zama, har na fara miƙa hannu. Ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta durƙusa gaban Hajiya, ta riƙe farantin da hannu biyu yadda suke yi wa manya a garinsu, ta ce da Hausarta mai ɗingishi:

"Mama. Babban gida. Ci."

Zeinabou ta rufe baki da mayafi. Tankari ya duƙar da kai yana nazarin ledar. Ni kuwa da hannuna a sama, kunya ta rufe ni, na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ba ta sani ba. Laifina ne, ni ne ban yi mata bayani..."

"Salihu, yi mini shiru."

Hajiya ta karɓi farantin tana kallonsa. Da ta yi magana, muryarta ta canza.

"Kuna ganin babanku yana ɗauke ƙundu ya shige turaka, ko? Bai taɓa ci ba. Shekara arba'in da ɗaya. Sai kun watse ya leƙo ɗakina da shi a murfin kwano, ya ce, 'Lauratu, karɓi kafin 'ya'yanki su gani.'" Ta goge ido da bakin mayafi. "Na ɗauka na gama cin ƙundu a duniya."

Ni dai hawaye nake, ban ma ɓoye ba. Madina ta juyo tana kallona a tsorace, tana zaton ta yi ɓarna.

Hajiya ta yi bisimilla, ta dangwali yaji, ta gutsura. Ta tauna a hankali.

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan," ta ce.

Sai ta kama hannun Madina ta zaunar da ita kusa da cinyarta, ta raba sauran biyu da yatsunta.

"Madina, karɓi," ta ce, "kafin mijinki ya gani."