Itacen Sanyi a Ramin Randa

Baturen gona ya sauke tukunya da wani ɗan itace shuke a ciki a ƙofar Dagacin Lakwaya, ya shiga motarsa ya koma Kano. Masinjansa Jibirin ne ya tsaya bayani. Ya ce sunan itacen holi, matar Baturen ce ta zo da shi daga ƙasarsu, inda ruwa ke daskarewa. Can ganyensa ba ya kaɗewa, rani da damina. Nan zafin birni na neman kashe shi. A nema masa wuri mai sanyi har Bature ya dawo.

Dagaci Mijinyawa bai yi dogon tunani ba. Duk Lakwaya babu ruwan da ya kai na randar Datti sanyi, kuma Datti da kansa ya sanar da kowa. Yashin rafi yake ɗebowa, ya binne randar har wuya a gindin tsamiya, ya riƙa jiƙa yashin. Baƙo bai isa ya wuce ƙofarsa bai sha ya yaba ba.

Aka kira shi. Ya dubi itacen. Bai kai masa gwiwa ba, kowane ganye da ƙaya a bakinsa. Ya tambaya ko ana cin 'ya'yansa, Jibirin ya ce a'a. Ko magani ne, a'a. Ko akuya na ci, ya ce kada ma ta kuskura.

"To mene ne aikinsa?"

"Kallo, Baba."

Datti ya ce gyaɗarsa ta nuna, ruwa ya ɗauke, in ƙasa ta bushe kwanso zai tsinke ya zauna a ciki. Ita ce suturar gidansa ta shekara. Dagaci ya ce ya ji. Can ya ƙara da cewa in Datti na ganin abin ya fi ƙarfinsa ba komai, akwai wani mutum a Gammo da ake yabon randarsa.

Datti ya ɗauki tukunyar ya aza a ka.

Ya ciro randa daga raminta ya zaunar da baƙon itacen a ciki. Daga ranar gidan ya koma shan ruwa mai ɗumi. Ya kafa zana, ya rataye jiƙaƙƙun buhunan gyaɗa kewaye da ramin. Zafin kaka kuwa ba wasa. Kafin ya isa gona buhunan sun bushe, sai ya juyo. Matarsa Barira ta ce ya tafi, ita ma ta iya zuba ruwa. Ya ce sunansa aka kira, ba nata ba. Ta ɗauki fartanya ta tafi ita kaɗai.

Kullum da safe Dagaci na aiko dogari ya ji yadda itacen ya kwana. Mutane suka fara zuwa kallo. Wani ya cire takalmi kafin ya matso. Ran da ganye ya faɗi, sai da labarin ya kai Gwarzo.

Wata rana Barira ta dawo da rungumen harawar gyaɗa, ta zube a gabansa. Saiwoyin duk sun tsinke, babu kwanso.

"Malam, gaya wa baƙonka ƙasa ta cinye zanena na bana."

Datti ya ci gaba da matse buhu.

Rabin gyaɗar a ƙasa ta zauna. Matan gari suka yi kala a gonarsa har suka gaji. Itacen kuwa ya rayu, har ya yi sabon tsiro. Datti ya ce a gaya wa mutumin Gammo.

Gab da Kirsimeti Bature ya dawo. Dagaci ya rako shi, jama'a na biye. Ya tsuguna ya shafa ganyen, ya yi dariya, ya riƙe hannun Datti ya girgiza. Datti ya gyara hula. Sai Bature ya ciro almakashi daga aljihu. Ya datse reshe, ya datse wani, ya datse sabon tsiron. Jibirin na tarawa a kwando. Da ya miƙe, kututture ne ya rage a tukunyar.

Datti ya tambayi Jibirin ko dasawa za a yi. Jibirin ya ce a'a, ado za a yi wa tebur da ƙofa don sallarsu.

"In an gama sallar fa?"

"Zubarwa ake yi, Baba."

Bature ya yi magana mai tsawo. Jibirin ya fassara wa Dagaci, Dagaci ya faɗa wa Datti, yana murmushi. Bature ya ji daɗi ƙwarai. Zai aika a kawo wasu, cikin mota guda, kafin kakar baɗi. Duka gidan nan za a kawo su. Shi kuma Dagaci ya ga ya dace daga yau a riƙa kiran Datti Sarkin Sanyi.

Jama'a suka yi ta barka. Barira ta shige ɗaki.

Datti ya sunkuya ya ciro tukunyar daga ramin, ya ajiye a gaban Dagaci. Ya mirgino randarsa ya mayar da ita mazauninta, ya tura yashi har wuya, ya daddanna da ƙafa. Sannan ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, a kai wa mutumin Gammo. Ni ba zan karɓa ba."