Gardamar Leurda Tsakanin Kaka da Tanti Tudora

Tun kafin a haife ni kakata Anghelina da maƙwabciyarta Tanti Tudora suke gardama a kan leurda, tafarnuwar dajin nan mai faɗin ganye da ke fitowa idan ƙanƙara ta narke. Kaka bakin rafi take tsinko tata, Tanti Tudora kuwa sai ta hau tudu. Kowacce ta rantse tata ce mai magani.

"Taki ai ciyawar awaki ce," in ji Kaka ta saman shinge.

"Ciyawar awakin ce ta kai ni shekara tamanin babu sanda!"

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a birnin Cluj, ina karatun sinadarai, na zo hutun Ista. Na ce su ba ni ganyen, zan raba musu gardama. Kaka ta harare ni.

"Ke Smaranda, miya ma ba ki iya ba, mu za ki yi wa alƙalanci?"

Amma ta cika mini jaka, Tanti Tudora ma ta cika mini wata da nata.

Da na koma Cluj, a ɗakin gwaji na shuka ƙwayoyin cuta a 'yan farantan gilashi. Na matse ganyen rafi da na tudu, na ɗiga ruwan kowanne a tsakiyar farantinsa. Washegari na tarar da fili fes zagaye da kowane ɗigo, inda ƙwayoyin suka kasa tsira. Na auna har sau uku. Girmansu ɗaya!

Har na tattara kayana sai na tuna ba iri ɗaya suke sarrafa shi ba. Kaka daka nata take yi ɗanye da gishiri, ta bar shi ya ɗan huta kafin a ci da tuwon masara da cuku. Tanti Tudora cikin tafasasshen ruwa take watsa nata. Na sake gwajin yadda kowacce take yi. Na dakan ya buɗe fili kamar tsabar kuɗi babba. Na dafawar ko faɗin farce bai kai ba.

Na yi ihu har malamina Dokta Ispas ya leƙo da kofi a hannu.

"Gobara ce?"

"Malam, zo ka gani! Ba wurin tsinka ba ne, hannu ne!"

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na safe zuwa ƙauye. Na same su biyun a tsakar gida suna ɓarar wake, na nuna musu hotunan ina haki. Na ce abubuwa biyu ne a cikin ganyen, kowanne a ɗakinsa. Sai an daka suke haɗuwa su haifi sinadarin nan mai warin farar wuta da ke kashe ƙwayoyin. Idan zafi ya riga turmi, ɗayan ya mutu, haɗuwa ta fasa.

Tanti Tudora ta miƙe, wake ya zube.

"Kin ji ko, Anghelina? Tuduna bai gaza rafinki da komai ba!"

"Kurma! Cewa ta yi shekara hamsin kina kashe maganin a tukunya!"

"Kaka, a faranti fa na gani, ba a jikin mutum ba. Kada ki bar shan ƙwayar hawan jininki."

Babu wadda ta saurare ni. Kafin azahar labari ya zaga ƙauye. Mata suka yi ta shigowa da kwalabe: wannan ta jiƙa nata a ruwan tsami, waccan a mai, wata a zuma, matar mai kaɗa ƙararrawar coci ma busasshe ta kawo, kowacce na cewa nata zan fara gwadawa.

Da kwalabe goma sha ɗaya na koma. Kafin mu wuce tasha biyu mutanen da ke zaune kusa da ni duk sun canza wuri saboda wari. Dokta Ispas ya jera kwalaben a kan tebur, ya buɗe taga, ya ce in ajiye batun da na zaɓa a da, wannan zan rubuta a kundin kammala karatuna.